Taƙaitaccen tarihin darasin «analiz» na shekarar farko a jami'a

0. Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya sami bak ɗin kimiyya ya shiga jami'a, ko lissafi ya zaɓa, ko fizik, ko aikin injiniya, akwai wani darasi da ba makawa sai ya zauna masa a shekarar farko. A Yamai da Maraɗi, kamar yadda yake a Dakar da Abijan, sunan darasin da Faransanci «analyse». A ƙetaren iyaka, a Zariya da Kano da Sakkwato, ana ce masa «calculus» da Ingilishi. A cikin wannan maƙala za mu riƙa rubuta su yadda bakin Bahaushe ke faɗarsu, wato analiz da kalkulas.

Tambayoyi biyu ne ginshiƙin darasin. Ta farko: idan abu yana canzawa, da wane sauri yake canzawa a daidai wannan ƙiftawar ido? Motar da ta ci kilomita 240 cikin awa 4 ta yi 60 a kowace awa bisa matsakaici, amma allurar da ke gaban direba tana hawa tana sauka duk tsawon tafiyar. Ta biyu: idan abu yana taruwa kaɗan-kaɗan, kuma yawan abin da ke shigowa ba ya tsayawa wuri ɗaya, nawa ne jimillarsa? Haka ruwan damina ke cika tabki. Amsar tambaya ta farko ita ce «dérivée», za mu ce deribe. Ta biyun kuma «intégrale», za mu ce antegiral. Babban abin da aka gano a ƙarni na 17 shi ne kowane ɗayansu yana warware aikin ɗan'uwansa, kamar tarawa da ɗebewa.

Wanda ya buɗe tsarin karatun analiz irin na Faransa zai tarar da jeri kamar haka: lambobin da ake kira «réels», sa'an nan «limite», sa'an nan deribe, daga ƙarshe antegiral. Tarihi kuwa ya biyo hanyar ne daga ɗaya bakin. An auna faɗin fili mai lanƙwasasshen gefe tun ƙarni na 3 kafin miladiyya. An kafa ƙa'idojin deribe a ƙarni na 17. An ɗora darasin kan limit a 1821. Ba a bayyana mene ne lambobin «réels» ba sai wajen 1872. Ke nan abin da aka gano daga ƙarshe shi ake ɗora wa ɗalibi a makon farko. Manufarmu ita ce mu nuna cewa malaman da suka tsaya gaban aji su ne suka juya ginin, kuma da kalmomi da alamomi suka juya shi. Da idon masu nazarin harshe muka dubi al'amarin.

1. Kafin a yi darasi

Arkimidis na Sirakusa, wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin miladiyya, ya nuna cewa faɗin yankin da lanƙwasar farabola ta kewaye ya kai 4/3 na wata alwatika da aka zana a cikinsa. Dabararsa ita ce cike gurbin da ƙananan alwatikai, kowane zubi kashi ɗaya bisa huɗu na wanda ya gabace shi: 1, da 1/4, da 1/16, haka har abin da ya saura ya gaza kowane ma'auni. A Alƙahira, Ibn al-Haisam, wanda ya rasu wajen 1040, ya yi irin wannan aiki don auna cikin wani siffa mai kama da ƙwarya. Kowane siffa da tasa dabarar daban. Babu ƙa'ida ɗaya da za a koya wa yaro ya yi amfani da ita ko'ina.

Mutum biyu ne suka samo ƙa'idar, kowa ta hanyarsa. Isaac Newton ya same ta a 1665 da 1666, lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Kambirij. Kalmominsa na Latin daga gudun ruwa ya ɗauko su: abin da ke canzawa «fluens», mai gudana, saurin canjinsa kuma «fluxio». Daga baya ya riƙa ɗora ɗigo a kan harafi don nuna wannan sauri. Bai yi gaggawar bugawa ba: littafin da ya rubuta a 1671 bai fito ba sai 1736, shekara 9 bayan rasuwarsa.

Gottfried Leibniz, Bajamushe, yana zaune a Paris ne ya kai ga tasa hanyar. Shi mutum ne da ya daɗe yana neman wani rubutu da zai sa tunani ya tafi kamar lissafi, don haka ya ba alamomi muhimmanci ƙwarai. A wata takarda tasa ta 29 ga Oktoba 1675 alamar ∫ ta fara bayyana. Ba komai ba ce illa dogon harafin S na kalmar «summa», jimilla. Ƴan makwanni bayan haka ya fara sa d don «differentia», ɗan bambanci. Ya buga ƙa'idojinsa a 1684 a mujallar Acta Eruditorum ta Laifzig, cikin ƴan shafuka masu wuyar fahimta. Ita kanta kalmar «calculus» ma'anarta ta asali tsakuwa ce, irin wadda Rumawa ke ƙidaya da ita. «Integral» kuwa a rubutun Jacob Bernoulli na 1690 ta fara fitowa a buge.

2. Littattafan farko da gardamar sifiri

Littafin koyarwa na farko ya fito a Paris a 1696, da Faransanci, a zamanin da Latin ne harshen masana: Analyse des infiniment petits na Marquis de L'Hôpital. Wannan basarake ya ɗauki wani matashi ɗan Bazel, Johann Bernoulli, ya koya masa sabon lissafin a 1691 da 1692, kuma a 1694 ya yanka masa albashin liba 300 a shekara bisa sharaɗin ya riƙa aiko masa da abin da ya gano. Da aka buga darussan Bernoulli a 1922 aka tabbatar da yawan abin da littafin ya ɗebo daga cikinsu. Ƙa'idar da ɗalibai ke haddacewa da sunan L'Hôpital ta Bernoulli ce.

A 1748 littattafai biyu suka fito. A Milan, Maria Gaetana Agnesi ta buga nata cikin juzu'i biyu da Italiyanci, kuma sunan littafin ya faɗi cewa don matasan Italiya aka yi shi. A wannan shekara Leonhard Euler ya buga Introductio in analysin infinitorum da Latin, ya biyo shi da littafin deribe a 1755, da na antegiral daga 1768 zuwa 1770. Euler ne ya kawar da zane daga tsakiyar fagen ya sa «fonction» a madadinsa, wato dangantakar da ke ba da lamba ɗaya duk lokacin da aka ba ta wata. Za mu ce fonksiyo. Rubutun f(x) ma nasa ne.

Duk waɗannan littattafai a kan abu ɗaya suka dogara: adadi mai ƙanƙanta marar iyaka. Bari mu ga yadda yake aiki. Mu ɗauki murabba'i mai gefe x, faɗinsa x². Idan gefen ya ƙaru da ɗan abu h, faɗin zai zama x² + 2xh + h², wato ya ƙaru da 2xh + h². A raba wannan ƙari da h, a sami 2x + h. Sai a ce h ba a bakin komai yake ba, a jefar da shi, a rubuta 2x. Deribe ke nan, kuma amsar daidai ce.

A 1734 George Berkeley, wani bishop na ƙasar Ayalan, ya buga The Analyst, inda ya kama masu lissafi a daidai wannan gaɓa. In h sifiri ne, ba a raba lamba da sifiri. In kuwa ba sifiri ba ne, da wane dalili aka jefar da shi? Taura biyu ba ta taunuwa. Masana sun san zargin yana da tushe. D'Alembert ya ba da shawara a 1754, cikin Encyclopédie, cewa a gina komai kan ra'ayin limit. Amma shawarar ta tsaya a shawara, domin lissafin yana ba da amsoshi na gaskiya game da tafiyar wata da taurari da kaɗawar tsirkiya, masu shi kuma ƴan kaɗan ne da suka san juna ta wasiƙa. Gwani yana jin inda ramin yake a jikinsa, ya kauce masa ba tare da ya faɗi dalili ba.

3. Makarantar Politeknik: sa'ad da aji ya cika

Juyin juya halin Faransa ne ya sauya yanayin. A 1794 aka buɗe a Paris makarantar da aka raɗa wa suna École polytechnique a shekarar da ta biyo, don horar da injiniyoyin soja da na ayyukan gwamnati. Zubin farko ya kusa ɗalibai 400. Aka ɗauko manyan masana aka ce su tsaya gaban allo, a kuma nemi su rubuta darussansu. Abin da gwani ke ji a jikinsa ba ya shiga kan samari ɗari-ɗari da jarrabawa ke jira. Dole a faɗe shi da baki, jimla bayan jimla.

Joseph-Louis Lagrange ne ya fara gwadawa. Littafinsa na 1797, Théorie des fonctions analytiques, daga darussansa na wannan makaranta ya fito, kuma ya yi nufin ya kori ƙananan adadin nan gaba ɗaya, ya mai da komai aljabara. Ginin nasa bai tsaya ba, amma kalmarsa ta tsaya: shi ya yaɗa «fonction dérivée» da rubutun f′. Asalin kalmar a Latin jan ruwa ne daga rafi zuwa wata hanya, kamar yadda mai lambu ke yi, kuma ita ce dai «dérivation» da mu masu nazarin harshe ke nufin tsirar kalma daga saiwa da ita. Lagrange yana kallon f′ a matsayin fonksiyo da ta tsiro daga f. Batun sauri ya ɓace daga sunan, shi ya sa ɗalibin yau ba ya jin motsi a cikinsa.

Augustin-Louis Cauchy, tsohon ɗalibin makarantar, ya zama farfesan analiz a cikinta a 1816. A Cours d'analyse na 1821 da taƙaitattun darussansa na 1823 ya kafa jerin da muka gada. Limit ce farko: adadin da jerin ƙimomi ke kusanta har tazarar da ke tsakaninsu ta gaza duk abin da aka ambata. Daga nan ya bayyana fonksiyo marar tsinkewa, sa'an nan deribe a matsayin limit ta rabo, sa'an nan antegiral a matsayin limit ta jimilla. Da haka aka amsa wa Berkeley. Ba a ce h sifiri ne ba. An ce 2x + h yana kusantar 2x gwargwadon yadda aka so. A gefe mai tsawon 3, rabon shi ne 6 + h: mai son ya kusanci 6 da ƙasa da 0,001 sai ya ɗauki h da bai kai 0,001 ba.

Abin lura shi ne yadda aka karɓi wannan gyara a inda aka yi shi. A watan Afrilu na 1821 ɗalibai suka yi wa Cauchy ihu a cikin aji wata rana da darasi ya zarce lokaci. Hukumar makarantar ta yi ta jan hankalinsa, shekara bayan shekara, cewa yana ɓata makwanni kan share fage alhali injiniyoyi ake son ya fitar, masu iya aiki da lissafi. Littafin 1821 an rubuta masa «kashi na farko»; kashi na biyu bai taɓa fitowa ba. Saɓanin da ke tsakanin mai son hujja da mai son amsa, wanda ake ji a zaurukan malamai har yau, tare da darasin aka haife shi.

4. Zurik da Barlin: lamba da jimla

Cauchy ya bar giɓi biyu, kuma malaman aji ne suka cike su.

Na farko ya shafi lambobi. A kakar 1858 Richard Dedekind ya fara koyar da deribe a makarantar Politeknik ta Zurik, a ƙasar Suwis. Ya zo inda zai nuna cewa adadin da ke ƙaruwa kullum, amma bai wuce wani shinge ba, dole yana da limit. Ya ga ba shi da wata hujja sai ya zana layi a allo ya ce a duba. A ganinsa zane yana da amfani wajen koyarwa, amma bai isa harsashi ba, tun da ba wanda ya taɓa faɗin abin da ya sa layin lambobi ba shi da huji. Lambobin kaso, irin su 1/2 da 7/5, suna da yawa, amma babu ɗaya cikinsu da in an ninka ta da kanta za ta ba da 2. Dedekind ya raba lambobin kaso gida biyu, na ƙasa da na sama, ya ce wurin yankan shi ne lambar. Kalmarsa ta Jamusanci «Schnitt» yanka take nufi. Shi da kansa ya rubuta ranar da ya gano haka, 24 ga Nuwamba 1858, amma bai buga ba sai 1872, shekarar da Georg Cantor ya fitar da tasa hanyar. Charles Méray ya riga su a Faransa a 1869. Babin farko na ɗalibinmu daga nan ya fito.

Giɓi na biyu ya shafi ginin jimla, shi ya sa za mu ɗan dakata a kansa. A littafin 1821 Cauchy ya kawo wata ƙa'ida: in aka tara jerin fonksiyo marasa tsinkewa, jeri marar ƙarshe, kuma jimillar tana da limit a kowane wuri, to jimillar ma ba ta tsinkewa. A 1826 Niels Abel, ɗan ƙasar Norwe, ya nuna misalin da ya saɓa wa ƙa'idar. An ɗauki shekaru kafin a gane inda matsalar take. Cauchy bai ƙara sharaɗin da ya ɓace ba sai 1853. Mu kwatanta da jimloli biyu na Hausa:

(a) Kowace rijiya a garin tana da igiyar da ke kai ga ruwanta.
(b) Akwai igiya ɗaya da ke kai ga ruwan kowace rijiya a garin.

In rijiyoyin 10 ne, (a) tana haifar da (b): a ɗauki igiyar da ta fi tsawo. In kuwa rijiyoyin ba su da ƙarshe, ta farko gaba 1, ta biyu gaba 2, ta uku gaba 3, haka har abada, (a) gaskiya ce, (b) ƙarya. Kalmomin kusan ɗaya ne. Wurin da «kowace» da «akwai» suka zauna shi ya bambanta. Ƙa'idar Cauchy tana bukatar (b), abin da aka ba shi kuwa (a) ne. Faransancin yau da kullum, kamar kowane harshe, yana barin mai sauraro ya zaɓi ma'anar da ta dace da hali, kuma a nan halin bai nuna komai ba.

Karl Weierstrass ne ya ɗaure jimlar. Ya yi sama da shekara 10 yana koyarwa a makarantun sakandare na ƙananan garuruwa, har da darasin motsa jiki da na gyaran rubutu, kafin a kira shi Barlin a 1856. A darussansa, waɗanda suka yaɗu ta hanyar littattafan rubutun ɗalibansa, ya kawar da duk wata kalmar motsi irin «kusanta» da «dosa». Abin da ya rage kamar ciniki ne tsakanin mutum biyu: kai ka faɗi tazarar da za ka yarda da ita, ε, komai ƙanƙantarta, ni kuma in ba ka δ, in ce muddin x bai yi nisan δ daga wurin ba, f(x) ba za ta yi nisan ε daga limit ba. Wa ya fara magana, wa ya amsa, nan duk ma'anar take. A 1872 ya gabatar wa majalisar masana ta Barlin wata fonksiyo da ba ta tsinkewa ko'ina, amma ba ta da deribe ko a wuri ɗaya, abin da ido ba ya iya zanawa. Alamomin da ɗalibi ke kwafa da su sun fi wannan ƙuruciya: ∃ ta Giuseppe Peano ce, 1897, ∀ ta Gerhard Gentzen, 1935.

5. Yadda hanya ta rabu biyu

Rigimar wanda ya riga wani tsakanin Newton da Leibniz, wadda ta kai ga rahoton Royal Society na 1712, ta sa Ingila ta riƙe ɗigon Newton kusan ƙarni guda, alhali sauran Turai na aiki da d da ∫. Fifikon alamomin Leibniz a fili yake: dy/dx yana kama da rabo, kuma sau da yawa yana aiki kamar rabo, har hannu kan rubuta daidai kafin kai ya gama tunani. A 1812 wasu ɗaliban Kambirij, Charles Babbage da John Herschel da George Peacock, suka kafa ƙungiya don shigo da su. A 1816 suka fassara ƙaramin littafin Sylvestre Lacroix na 1802, a 1817 kuma Peacock ya sa alamomin cikin tambayoyin jarrabawa. A Amurka, makarantar soja ta West Point ta kwaikwayi Politeknik daga 1817.

Abin da ƙasashen Ingilishi suka ara shi ne darasin Faransa na kafin Cauchy, mai ba da ƙarfi ga ƙa'idoji da atisaye. Littafin William Granville na 1904 da na George Thomas na farkon shekarun 1950 sun bi wannan layi. Aka raba karatun hawa biyu: kalkulas a shekarar farko, hujjojin Weierstrass kuma a wani darasi na gaba, ga waɗanda suka zaɓi lissafi.

Faransa ta bi ɗaya hanyar. Gyaran 1902 ya saukar da deribe zuwa lise, don haka jami'a ta ɗauka cewa ɗalibi ya riga ya iya aikin hannu. A 1934 André Weil da Henri Cartan suna koyar da darasin «calcul différentiel et intégral» a Sitirasbur, kuma littafin da ake bi, na Édouard Goursat, wanda ya fara fitowa a 1902, bai gamsar da su ba. A ranar 10 ga Disamba 1934 suka haɗu da wasu abokansu a wani gidan shan kofi na Paris don su rubuta sabo. Ƙungiyar da ta ɗauki sunan Nicolas Bourbaki ke nan. Sun fito gyaran ɗaki, suka ƙare da tona harsashin gida duka: ɗan littafinsu na farko, a 1939, kan «ensembles» ne, kuma ba su iso ga deribe da antegiral na fonksiyo mai lamba ɗaya ba sai 1949, a littafi na huɗu. Ruhin wannan aiki ya shiga darasin jami'ar Paris a tsakiyar shekarun 1950 ta hannun Gustave Choquet, ya shiga tsarin shekaru biyun farko da gyaran 1966, ya sauka har lise da lakwal ta kwamitin André Lichnerowicz na 1967, da sunan lissafin zamani.

A daidai wannan zamani aka kafa jami'o'in yankinmu. Ta Ibadan ta fara a 1948 a ƙarƙashin jami'ar Landan, ta Ahmadu Bello a Zariya a 1962. Ta Dakar ta zama jami'a a 1957 bisa dokokin Faransa. Cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai an buɗe ta a 1971, ta zama jami'a a 1973, ta ɗauki sunan Abdou Moumouni a 1992. Kowace ta gaji darasin uwargijiyarta a halin da ta same shi. Shi ya sa ɗan Maraɗi da ɗan Katsina, masu harshe ɗaya, suke shiga ilimi ɗaya ta ƙofa biyu.

6. Nauyin da ke kan ɗalibi

Kowace ƙofa ta jawo kuka. A Faransa René Thom, wanda ya sami lambar Fields a 1958, ya soki lissafin zamani a farkon shekarun 1970, kuma an janye mafi yawansa daga lise a shekarun 1980. A Amurka, yawan faɗuwa da haddar ƙa'idoji ba fahimta suka sa aka yi taro a jami'ar Tulane a watan Janairu 1986. Littafin da ya fi suna cikin waɗanda suka biyo baya, na Deborah Hughes-Hallett da Andrew Gleason da abokan aikinsu, ya nemi a nuna kowane ra'ayi da zane, da lambobi, da alamomi. Daga baya aka ƙara na huɗu, wato faɗarsa da kalmomi. Su ma ƙananan adadin Leibniz sun dawo: Abraham Robinson ya ba su cikakken tushe a littafinsa na 1966, Jerome Keisler kuma ya gina littafin shekarar farko a kansu a 1976, ko da yake jami'o'i kaɗan ne suka bi.

Binciken da ya fi kusa da fagenmu shi ne na Bernard Cornu, a kundin digirinsa na Giranobul, 1983. Ya nuna cewa ɗalibi yana shigowa aji da ma'anar «limite» ta titi, wato shingen da ba a ƙetarewa, ko wurin da ake kusanta ba a isa, kuma ma'anar lissafi ba ta korar wannan. Suna zama tare. A lissafi kuwa ana isa limit, ana ma ƙetare ta. Jerin 1, −1/2, 1/3, −1/4 yana tsallake sifiri a kowane taki, kuma sifiri ce limit ɗinsa. Wanda ke riƙe da ma'anar titi zai ƙi yarda cewa 0,999… daidai yake da 1.

In haka ta faru ga yaron da Faransanci ne harshen gidansu, to namu ɗalibin matakala biyu yake hawa. In ya fassara wa kansa «limite» da «iyaka», ya faɗa tarko iri ɗaya, domin iyakar gona ba a shiga ta. Har ma da ƙari: da «marar iyaka» muke fassara «infini», sai «limite d'une suite infinie» ta zama iyakar jeri marar iyaka, maganar da ke cin kanta. Kalma irin «madosa», daga «dosa», bisa tsarin mahaɗa da mashiga, za ta fi dacewa da «tendre vers», tun da wanda ya doshi wuri yana iya isa, yana iya wucewa ya dawo.

7. Kammalawa

Daga maƙalar Leibniz ta 1684 zuwa littafin Dedekind na 1872 shekara 188 ne. A tsawon wannan lokaci Euler da Lagrange sun yi aikinsu ba tare da ta'arifin da ake nema daga ɗan shekara 19 a watansa na farko ba. Kowane ta'arifi amsa ce ga wata matsala takamaimai: limit ga zargin Berkeley, jerin ε da δ ga misalin Abel, yankan Dedekind ga zanen da ya kasa zama hujja. Tsarin da muka gada yana ba da amsoshin ya ɓoye tambayoyin, ɗalibin da ya faɗi kuma yakan ɗauka kansa ne ba ya ja.

Abu biyu muke ganin tarihin nan ya nuna. Na ɗaya, jerin babuka zaɓi ne na malamai, an sauya shi a 1797, da 1821, da 1966, ana kuma iya sa matsala gaban ta'arifinta ba tare da an rage ƙarfin hujja ba. Na biyu, wani kaso na wahalar ta nahawu ce, kuma ana iya koyar da ita a fili: awa biyu kan bambancin (a) da (b), da Faransanci da harshen da ɗalibi ke tunani da shi, kafin ε ta hau allo. Wannan aiki ne da sashen lissafi da na harsuna za su iya yi tare, kuma muna fata abokan aikinmu na kimiyya za su duba shawarar su faɗi nasu ra'ayin a fitowa ta gaba.